Gidan Haya: Yadda Ƙaramin Mai Gida Zai Samo Jari, Ya Kuma Kare Dukiyarsa

Da wuya a sami ɗan kasuwar da Allah ya yi wa buɗi wanda bai taɓa tunanin mallakar gidan haya ba. Dalilin haka a fili yake, domin kasuwa tana da hawa da sauka, kuɗin da aka ajiye kuwa kullum darajarsa zaizayewa take yi, amma gida yana nan inda aka gina shi, ana cin moriyarsa har a bar wa magada. Wannan tunani ba sabo ba ne a wurin Hausawa mazauna kudancin ƙasar nan. Tun daga shekarar 1916 da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan, cinikin shanu da na goro ya dogara ne a kan masu gida, wato attajiran da suka mallaki gidaje suna saukar da fatake, suna ajiye musu kaya da kuɗi, suna kuma tsaya musu wajen bashi. A yau ma akwai ɗimbin 'yan kasuwa a Agege da Idi-Araba a Ikko, da Fatakwal, da garuruwan da ke kewaye da Abuja irin su Mararraba da Suleja, waɗanda suka zuba gumin shekaru masu yawa a gida ɗaya ko biyu na haya.

Wannan nazari an yi shi ne domin irin waɗannan ƙananan masu gidaje, da kuma masu niyyar shiga sahunsu. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kuɗin hayar da gida ke kawowa a shekara kaɗan ne idan aka kwatanta da jarin da aka zuba, kuma ainihin dukiyar tana jikin gidan ne da filin da yake kai. Saboda haka wajibi ne mai gida ya kiyaye abubuwa biyu: kada ya ɗora wa gidan bashin da hayarsa ba za ta iya biya ba, kada kuma ya bar shi ba kariya ta fuskar takardu da yarjejeniya da inshora.

Lissafi Kafin Aza Harsashi

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar dukkan abin da 'yan haya suka biya a matsayin riba. Bari mu buga misali da lissafi mai sauƙi, wanda mai karatu zai iya sauya alƙalumansa daidai da garin da yake zaune.

A ƙaddara ɗan kasuwa ya kashe Naira miliyan 40 wajen sayen fili da gina gida mai sassa 4, kowane sashe ana biyan hayarsa Naira 900,000 a shekara. Jimlar abin da zai shigo ke nan Naira miliyan 3.6, wato kashi 9 cikin 100 na jarinsa. To, amma daga cikin wannan sai a ware Naira 360,000 domin watannin da wani sashe zai zauna ba kowa, ko kuma ɗan haya ya gaza biya. A ware Naira 500,000 domin gyare-gyare, kamar fenti da yoyon kwano da kwashe masai da gyaran famfo. A ware Naira 100,000 domin inshora, da Naira 150,000 domin haraji da kuɗin ƙasa, da kuma Naira 190,000 domin la'adar dillali ko ladan mai kula da gida. Idan aka tattara waɗannan za a sami Naira miliyan 1.3, abin da ya rage a hannun mai gida kuwa shi ne Naira miliyan 2.3. Wannan bai kai kashi 6 cikin 100 na jarin ba, kuma in da a kansa kaɗai za a dogara, sai an shafe fiye da shekara 17 kafin uwar kuɗi ta dawo.

Mai karatu zai iya tambaya, to, mene ne amfanin gina gidan haya, alhali a shekarar 2024 takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya sun riƙa bayar da fiye da kashi 20 cikin 100? Amsar ita ce hauhawar farashin kayayyaki. A shekarar 1995 hauhawar ta haura kashi 70 cikin 100, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disamba na 2024 ta kai kashi 34.8. A irin waɗannan lokuta mai ajiyar tsabar kuɗi asara yake yi ko da ana ba shi riba, shi kuwa mai gida darajar gininsa da filinsa tana bin farashi sama, kuma yana da damar sabunta kuɗin haya lokaci lokaci. Sai dai wannan riba ba ta zama tabbas sai idan gidan yana tsaye, takardunsa kuma ba su da tangarɗa, babu kuma mai bin bashi da ke jiran ya karɓe shi.

Bashin Banki da Iyakarsa

A cikin shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suka riƙa bai wa ƙananan 'yan kasuwa rance a kan abin da ya kusa kashi 30. Ko da yake ma'aunin yakan sauka ya kuma hau, darasin da ke ciki bai sauya ba.

Mu koma ga misalinmu. Idan mai gidan nan ya ranto rabin jarin, wato Naira miliyan 20, a kan kuɗin ruwa kashi 28 cikin 100, to ruwan kaɗai a shekarar farko zai kai Naira miliyan 5.6. Wannan ya zarce dukkan hayar gidan da Naira miliyan 2, tun ba a taɓa uwar bashin ba. Ma'ana, dole ya riƙa ɗebo kuɗi daga shagonsa yana cike giɓin, har jarin kasuwar ya raunana, ga shi kuma takardar gidan tana hannun banki a matsayin jingina. Ta wannan hanya mutane da dama suka rasa kasuwa, suka kuma rasa gida.

Hanya mafi aminci ita ce a juya lissafin, a fara da tambayar ko nawa gidan zai iya biya. Idan daga cikin Naira miliyan 2.3 ɗin nan aka amince a riƙa biyan bashi da Naira miliyan 1.5 a shekara, to a kan ruwa kashi 28 na tsawon shekara 3, bashin da za a iya ɗauka bai wuce kimanin Naira miliyan 3 ba. Wannan ya nuna cewa rancen banki ya dace ne da ƙarasa aiki kawai, kamar sa tagogi da ƙofofi da jawo wuta a ginin da ya kusa kammaluwa, inda 'yan haya za su shiga cikin wata biyu ko uku. Bai dace da sayen fili ko aza harsashi ba.

Akwai rance mai sauƙi a ƙarƙashin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da Doka ta 3 ta shekarar 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yake gudanar da shi. Mai zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa ko abin da yake samu a wata yana iya neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, na tsawon lokacin da zai iya kaiwa shekara 30. Bambancin yana da girma ƙwarai, domin Naira miliyan 20 a kan kashi 6 na shekara 20, biyanta bai wuce kimanin Naira miliyan 1.7 a shekara ba. Sai dai a lura, an tanadi wannan asusu ne domin mutum ya mallaki gidan da zai zauna a ciki, kuma sai da ingantacciyar takardar fili ake samunsa. Amfaninsa ga ɗan kasuwa shi ne, idan ya sami gidan zamansa ta wannan hanya, sai ya juya tsabar kuɗinsa zuwa ginin haya.

Ga waɗanda ke ƙyamar kuɗin ruwa saboda addini, an sami bankunan da ba sa mu'amala da riba, tun daga Jaiz da ya fara aiki a shekarar 2012, sai TAJ a 2019, da Lotus a 2021. Irin waɗannan bankuna sukan sayi kayan gini su sayar wa mutum da ƙarin riba sananna, ko su yi tarayya da shi a mallakar gida yana sayen kasonsu sannu a hankali yana kuma biyan hayar abin da ya rage. Wannan ya warware matsalar halacci, amma bai ɗauke wajibcin lissafi ba, domin su ma bankunan riba suke nema. Abin da ya kamata a tambaya tun farko shi ne jimlar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe, da abin da za a biya kowane wata, sannan a gwada shi da hayar da ta rage bayan cire ɗawainiya.

Jarin da Ba Ya Gaggawa

Tun da yake haya a hankali take dawo da kuɗi, jarin da ya dace da ita shi ne wanda ba a matsa wa mutum ya mayar da shi da wuri ba. Akwai hanyoyi huɗu da ƙananan masu gidaje suka fi cin nasara da su.

Hanya ta farko ita ce gini daki-daki daga ribar kasuwa. A nan ma akwai dabara. Maimakon a tayar da bulon sassa 4 gaba ɗaya a bar su ba rufi shekara da shekaru, ruwan sama yana dukansu, ɓarayi suna sace rodi, gara a yi tsarin ginin gaba ɗaya a takarda, sannan a kammala sassa 2 har 'yan haya su shiga, hayarsu ta taimaka wajen gina sauran. Kango ba ya kawo ko kwabo, kuma jinkiri yana da tsada. A farkon shekarar 2024 farashin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, alhali shekara guda kafin nan bai wuce rabin haka ba. Don haka duk lokacin da kuɗi ya taru, ya fi kyau a mayar da shi kayan da ba sa lalacewa, kamar kwanon rufi da rodi da tayil, muddin akwai amintaccen wurin ajiya. Siminti kam ba a daɗe da ajiye shi, domin yana daskarewa.

Hanya ta biyu ita ce adashi da ƙungiyoyin gama kai na 'yan kasuwa, waɗanda kan bai wa ɗan ƙungiya rancen ninki biyu ko uku na abin da ya tara, da sharuɗɗa masu sauƙi fiye da na banki. Kwasar adashi ɗaya tana iya yin rufi, wata ta yi filasta.

Hanya ta uku ita ce haɗin gwiwa da ɗan'uwa ko abokin ciniki, wani ya kawo fili wani ya kawo kuɗin gini. Wannan hanya tana da kyau, amma ita ta fi kowace raba zumunci idan ba a rubuta komai ba. Lalle ne a rubuta kason kowa, da yadda za a raba haya, da wanda zai kula da gidan, da abin da za a yi idan ɗaya ya rasu ko ya so ya sayar da kasonsa. A Ikko an saba da wani tsari makamancin wannan, inda mai kuɗi ke gina gida a filin wani, ya karɓi haya na wasu shekaru da aka ƙayyade, sannan ya miƙa gidan. Wanda zai shiga irin wannan ya tabbata lauya ya rubuta ingancin ginin da za a yi da kuma halin da za a miƙa shi, don kada a mayar masa da gidan da ya riga ya ruɓe.

Hanya ta huɗu ita ce karɓar hayar gaba daga ɗan haya domin ƙarasa aiki. A nan sai a yi hattara da doka. Dokar Haya ta Jihar Ikko ta shekarar 2011 ta haramta karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3 ga wanda ya saɓa, ko da yake ta keɓe unguwannin Apapa da Ikoyi da Victoria Island da rukunin gidajen gwamnati na Ikeja. Ban da doka ma, wanda ya karɓi hayar shekara 3 a lokacin hauhawar farashi ya sayar da gobensa da araha.

Kariya ta Farko: Takardun Fili

Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta shekarar 1978, dukkan filayen da ke cikin jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke da shi kuwa shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda akan bayar da takardar shaidarsa, galibi na shekara 99. A Babban Birnin Tarayya minista ne ke riƙe da wannan iko a madadin Shugaban Ƙasa. Dokar ta ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, kuma a shekarar 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba ba ta da inganci. Saboda haka rasit da takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu ba su wadatar ba. Gidan da ba shi da cikakkiyar takarda banki ba ya karɓarsa jingina, kuma ranar sayarwa farashinsa yakan faɗi.

Kafin a biya ko sisi, a sa lauya ya binciki filin a ofishin rajistar filaye na jihar, a kuma sa safiyo mai lasisi ya auna shi, ya tabbatar ba ya cikin yankin da gwamnati ta riga ta karɓa, ko kan hanyar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. A ƙasar Yarbawa, inda filaye da yawa na dangi ne, cinikin ba ya inganta sai shugaban dangin ya sa hannu tare da amincewar manyan gidan. Wanda ya saya daga hannun wani ɗan gidan shi kaɗai, to ya sayi rigima. Matsalar masu ƙwacen fili da masu tilasta wa magina biyan kuɗi ta yi ƙamari a Ikko har ta sa jihar ta kafa dokar kare kadarori a shekarar 2016.

Haka nan kuma, a nemi izinin gini daga hukumar tsara birane kafin a fara aiki. Rusau ɗin Maroko a Ikko a watan Yuli na 1990, da wanda aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, sun isa ishara ga duk mai tunanin cewa yawan gidaje a unguwa zai hana gwamnati rushe ta. Idan gwamnati ta karɓi fili domin amfanin jama'a, mai ingantacciyar takarda ne ke da bakin neman diyyar gininsa.

Kariya ta Biyu: Yarjejeniya da Ɗan Haya

Ɗan haya nagari ya fi haya mai tsada. Kafin a ba mutum makulli, a san sana'arsa da wurin aikinsa, a ji dalilin barinsa gidan da yake, a kuma nemi wani sananne ya tsaya masa a rubuce. Bayan haka sai a yi yarjejeniya a takarda, ko da da ɗan'uwa ne. A bayyana adadin haya da ranar biya, da tsawon wa'adi, da yawan mutanen da za su zauna, da gyaran da ke kan mai gida da wanda ke kan ɗan haya, da hana ba wani haya a asirce, da hana ajiye fetur ko mayar da ɗaki shago ba da izini ba. A karɓi wani abu a matsayin ajiya domin ɓarna, a ɗauki hoton ɗakunan kafin shiga, a kuma buga wa takardar hatimin haraji domin kotu ta karɓe ta ba tare da wata matsala ba. Ya kamata kowane sashe ya sami mitarsa ta lantarki mai kati, domin bashin wuta da ɗan haya ya gudu ya bari a kan gidan yake zama.

Idan zama ya ƙi daɗi, kada mai gida ya ɗauki doka a hannunsa. Cire kwano ko ƙofa, da yanke ruwa, da watsar da kaya waje, duk laifi ne. Dokar Ikko ta 2011 ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga mai fitar da ɗan haya da ƙarfi. Inda ba a rubuta wani wa'adi ba, dokar ta ce mai biyan wata-wata a ba shi sanarwar wata 1, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida a ba shi wata 3, mai biyan shekara-shekara kuwa a ba shi wata 6. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi sanarwar kwana 7 ta niyyar zuwa kotu. A Abuja ma mai biyan shekara wata 6 ake ba shi, sauran jihohi kuma kowace da dokarta. Kuskure kaɗan a cikin sanarwa yana iya jawo jinkiri mai tsawo a kotu, don haka a bar wa lauya ya rubuta. Daɗin daɗawa, yarjejeniyar da aka ƙayyade ranar ƙarewarta ta fi sauƙi ga mai gida, domin idan ranar ta zo sanarwar kwana 7 kaɗai ta rage.

Kariya ta Uku: Inshora da Ingancin Gini

Gobarar dare ɗaya tana iya cinye abin da aka tara a shekara 20. Ambaliyar shekarun 2012 da 2022 ta nutsar da unguwanni a Lokoja da wasu garuruwan bakin Kogin Kwara da Binuwai, ta Maiduguri kuwa a watan Satumba na 2024 ta shafi babban ɓangaren birnin. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke amfani da su inshora, ta kuma lissafa gidan da ɗan haya ke ciki a cikinsu, sabuwar dokar da ta maye gurbinta a shekarar 2025 ma ta ci gaba da wannan wajibci. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya domin taimakon wanda masifa ta afka wa, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Inshora ta Ƙasa.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ambaliya ko guguwa ko tarzoma, sai an nemi a ƙara su an kuma biya. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai gida a unguwannin baƙi, idan aka tuna gidaje da shagunan da aka ƙona a rikicin Mile 12 a Ikko a watan Maris na 2016, da na kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu na 2021. Ana kuma iya ƙara asarar haya ta watannin da za a yi ana gyara. Na biyu, adadin da za a yi inshora a kansa shi ne kuɗin sake gina gidan a farashin yau, ban da kuɗin fili. Idan sake ginin zai ci Naira miliyan 30, mai gida kuma ya yi inshorar miliyan 15 don ya rage biya, to ranar da gobara ta yi ɓarnar miliyan 10, miliyan 5 kawai za a ba shi, domin rabin gidan ya yi wa inshora. Saboda haka a riƙa sabunta adadin kowace shekara. Na uku, ba a samun kariya sai an biya kuɗin inshorar tukuna, kuma a tabbata kamfanin da dillalinsa masu rajista ne.

Inshora dai diyya ce bayan ɓarna, riga-kafi kuwa yana wurin gini. Rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, inda fiye da mutum 40 suka rasu, ta nuna abin da ke biyo bayan wasa da ƙa'idar gini. Ƙaramin mai gida kada ya rage rodi ko siminti don tsimi, kada ya ɗora bene a kan harsashin da ba a yi shi domin haka ba, kuma ya sa ƙwararre ya ja wayar lantarki da waya mai kyau. Kafin kowace damina a duba rufi, a yashe magudanar ruwa.

Asusu, Haraji da Magada

Ya kamata gidan haya ya kasance da asusunsa na banki dabam da na shago, da littafin da ake rubuta shiga da fita. Daga kowace haya a bar aƙalla kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a asusun domin gyara da ko-ta-kwana. Wanda ke zaune nesa da gidansa, ya umarci 'yan haya su riƙa biya ta banki kai tsaye, mai kula da gida kuma a yanka masa ladansa, sannan shi mai gidan ya riƙa leƙawa da kansa ko da sau biyu ne a shekara.

Kuɗin haya yana cikin abin da ake biya wa harajin samu. Idan ɗan hayar kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati, yakan cire kashi 10 cikin 100 ya miƙa wa hukumar haraji, sai mai gida ya karɓi shaidar hakan domin a rage masa a lissafin shekara. Jihar Ikko tana karɓar harajin filaye da gine-gine na shekara-shekara tun daga 2001, sauran wurare kuma akwai kuɗin ƙasa da na ƙaramar hukuma. Bugu da ƙari, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, mai aiki daga 1 ga Janairu 2026, ta ba ɗan haya damar a rage masa kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, har zuwa Naira 500,000, daga abin da za a yanka masa haraji a kai. Wannan zai sa 'yan haya su riƙa neman rasit, hukuma kuma ta san abin da mai gida ke karɓa, don haka gara mutum ya daidaita littafinsa tun da wuri.

Daga ƙarshe, gida yakan fi mai shi tsawon rai. A adana asalin takardu a wuri amintacce, a ajiye kwafinsu a wani wurin dabam, a kuma sanar da iyali inda suke. A rubuta duk bashin da ke kan gidan da duk wanda ke da kaso a ciki, da shaidu. Gidaje da yawa na Hausawa a kudu sun salwanta bayan rasuwar masu su, saboda magada suna arewa, ba su san iyakar filin ba, ba su kuma riƙe da wata takarda.

Shawararmu ga duk mai niyyar shiga wannan harka ita ce, kafin ya sayi bulo ko ɗaya, ya zauna da alƙalami ya fitar da hayar da za ta rage bayan ɗawainiya, ya ware kuɗin lauya da safiyo da izinin gini da inshora a cikin kasafin ginin tun farko, sannan ya gina iyakar abin da aljihunsa zai iya kammalawa. Wanda kuma ya riga ya mallaki gida, ya ɗauko takardunsa a wannan mako ya duba abin da ya rage bai cika ba.